Baƙon da ke Cikin Tankin Benedita

A wani ƙauyen masunta da ke bakin teku a kudancin Fotugal, akwai wata yarinya mai suna Benedita. Shekarunta goma. Tana zaune da mamanta, Fernanda, da kakanta, Kaka Custódio, a wani ɗan farin gida mai shuɗiyar ƙofa. Yarinya ce mai kirki, ba ruwanta da faɗa. Sai dai tana da hali guda. In idonta ya ga abu ya burge ta, to ba ta da sukuni sai abin nan ya zama nata.

A kan teburin ɗakinta akwai wani ƙaramin tankin gilashi mai ruwan gishiri. Lita talatin yake ci, wato bai wuce bokiti biyu ba. Malamarsu ta kimiyya, Malama Piedade, ita ta taya ta haɗa shi, domin ita ma tana kula da wani babba a makaranta. A cikin tankin akwai farin yashi da wani dutse mai ramuka. A jikin dutsen akwai murjani mai rai, mai taushi, yana kaɗawa a hankali duk inda ruwa ya tura shi. Fitilar da ke sama shuɗiya ce.

Mazauna tankin ba su da yawa. Akwai wani jan jatan lande mai farin layi a baya. Benedita na kiransa Likita, don in ta tsoma hannu a ruwa sai ya hau yatsunta yana tsince mata datti. Akwai 'yan dodannin koɗi masu lasar gilashi. Sai kuma mai gidan, wani ɗan kifi rawaya wanda bai kai ɗan yatsanta tsawo ba. Sunansa Ƙwaiduwa.

Ƙwaiduwa ya san ta. Da ta shigo ɗaki sai ya sauko daga kan murjani, ya zo ya manna hanci a gilashi yana jiran abinci. In ka cire Mama da Kaka, duk duniya babu abin da Benedita ke so kamar kifin nan.

Amma kifi ɗaya ya yi mata kaɗan. Wata rana bayan an tashi, ta tsaya a gaban babban tankin makaranta, ta nuna wani shuɗin kifi mai rawayar wutsiya. Ta ce irinsa take so ta ƙara.

Malama Piedade ta yi dariya. Ta ce, "Wannan ɗan tsere ne, Benedita. Tankin da zai ishe shi ya fi gadonki tsawo. In kin sa shi a naki, kamar kin kulle doki ne a banɗaki."

"To, masu ruwan lemo da fararen layukan nan fa?"

"Su ma sai tankinki ya ninka biyu kafin a yi maganarsu."

Malama ta zauna ta yi mata bayani. Ta ce ruwa kaɗan ba ya da haƙuri, ɗan datti kaɗan ke ɓata shi. Tanki irin nata, ɗan kifi ɗaya da jatan lande da 'yan dodannin koɗi sun ishe shi. Ta ce kuma ba girma kaɗai ake dubawa ba, har da hali, domin akwai halittar da in ka ba ta maƙwabci, abincin dare ka ba ta.

"Kada ki saka komai a ciki sai kin tambaya. Kin ji ko?"

Benedita ta ce to. Amma irin "to" ɗin nan ne da ke tsayawa a leɓe, ba ya wucewa ciki.

Ranar wata Asabar ta bi Kaka cikin jirginsa. Kaka mai kamun polvo ne, wannan halitta mai laushin jiki da hannuwa takwas, kamar yadda ubansa ya yi. Ba ya amfani da ƙugiya ko raga. Ƙananan tuluna ne na ƙasa a jere a doguwar igiya, ya zuba su a ƙasan teku ya tafi abinsa. Shi polvo yana son ɗaki mai duhu, sai ya ga tulu ya ɗauka ya sami gidan banza, ya shige ya zauna.

Kaka na jan igiya, Benedita na leƙa tuluna. Da rana ta yi, suka ci burodi da zaitun, har suka ga ƙarshen kwalbar zaitun ɗin. Can sai ta leƙa wani tulu, ta ga wani ɗan mitsitsin polvo a manne a gindinsa. Bai fi babban yatsanta ba. Ya naɗe hannuwansa, yana kallonta.

Kaka ya leƙo ya ce, "Mayar da shi, uwar son kaya. Wannan ko kyanwa ba zai ƙosar ba. Ƙanana na teku ne, sai sun girma su zama namu."

Haka dokar masuntan ƙauyen take, kuma Benedita ta san ta tun tana goye. Amma zuciyarta ta ce mata, ai wannan ƙarami ne, ya fi Ƙwaiduwa ma ƙanƙanta, wane wuri zai ci? Ta juya wa Kaka baya. Ta ɗebi ruwan teku a kwalbar zaitun, ta zura ɗan polvo a ciki, ta tura kwalbar cikin aljihun rigar sanyinta. Sannan ta ɗauki wani dutse da ke ƙasan jirgi ta jefa a ruwa, ya yi ƙundum.

"Na mayar da shi, Kaka."

"Yawwa, 'yar albarka," in ji Kaka, bai ko waiwayo ba.

Da suka koma gida ta rufe ƙofar ɗakinta, ta juye kwalbar a tanki. Ɗan polvo ya sauka a kan yashi. Ya yi fari fat. Sai kuma ya koma kalar dutse. Ya malala cikin wani ɗan rami kamar an tsiyaya kunu, shi ke nan, ba ta ƙara ganinsa ba.

Washegari ta duba, babu shi. Ta haska tocila a kowane rami, babu shi. Kwanaki suka yi ta wucewa. Har ta yanke a ranta cewa ya mutu. Ta ji tausayinsa kaɗan, amma gaskiya ta fi jin sauƙi, don yanzu babu wanda zai sani.

Sai wata safiya ta tashi, ta ga kwanson dodon koɗi ɗaya a gaban dutsen. Babu kowa a ciki. An kwashe shi tas, kamar an wanke.

Ta ce ƙila tsufa ne ya kashe shi.

Bayan 'yan kwanaki ta ga wani kwanson kusa da na farko. Daga baya wani ya ƙaru. Abin da ya tayar mata da tsikar jiki shi ne, ba a warwatse suke ba. A jere suke reras a bakin rami ɗaya, kamar takalman baƙi a ƙofar ɗaki. An kuma janyo 'yan ƙananan duwatsu daga can ƙuryar tankin, an tare bakin ramin da su.

Mama ta shigo shara, ta tsaya tana kallo. Ta tambaye ta ko ita ke wannan jere-jeren. Benedita ta ce a'a, kuma wannan kam gaskiya ta faɗa.

Mama ta ce, "To wa ke yi? Kifin nan naki ba shi da hannu."

Benedita ta sunkuya tana neman takalminta, alhali yana ƙafarta.

Daga nan abubuwa suka ƙara rikicewa. Wata safiya ta tarar murfin tankin ya goce kaɗan. A jikin gilashin, ta waje, akwai 'yan tabo zagayayyu a jere, kamar an dangwala bakin biro. A kan tebur kuma akwai jiƙaƙƙen sawu. Sawun ya bi ta gefen littattafanta, ya nufi bakin tebur, daidai inda kan gadonta yake a ƙarƙashin taga. A nan ya tsaya. Sannan ya juya ya koma.

Benedita ta tsaya tana kallon matashin kanta. Ta sa hannun riga ta goge sawun da sauri, ta ɗora babban littafin taswira a kan murfin.

Tun daga ranar, ɗakin ya daina yi mata daɗi. In ta zauna aikin gida, sai ta ji kamar ana kallon ƙeyarta. Ta waiwaya, babu komai sai dutse da murjani da shuɗin haske. Ta koma kan littafi, sai ta sake ji. Har ta fara kwasar littattafanta tana zuwa kicin, tana cewa ɗakinta sanyi ya yi yawa.

Shi ma Ƙwaiduwa ya canza. Ya daina zama a kan murjani. Ya koma can sama, ya maƙale a bayan bututun da ke juya ruwa. In ta zo ba ya saukowa. In ta zuba abinci, sai ya bi shi da ido har ya nutse. Rawayarsa ta fara koɗewa.

Wata rana ta dawo daga makaranta, ta hango Likita kwance a kan yashi. Ta matsa kusa. Ba Likita ba ne, rigarsa ce kawai, fara, ana ganin yashi ta cikinta, ga gashin bakin nan dogaye suna kaɗawa. Da farko ba ta damu ba. Jatan lande yakan tuɓe tsohuwar rigarsa in ya girma, ya ɓuya, sannan ya fito da sabuwa. Ta sha gani. Ta tsoma yatsunta a ruwa tana jiransa.

Ta jira har yatsun suka yi yaushi. Likita bai zo ba. Da ta duba rigar da kyau, ta ga a tsage take gida biyu. Kashegari kuma ta tarar an janye ta, an ajiye ta a layin kwanson nan.

A ranar Benedita ta yi kuka a banɗaki, ta buɗe famfo don kada a ji. Yanzu kam ta daina yaudarar kanta. Baƙonta bai mutu ba. Yana nan, yana ci, yana girma. Kuma babu abin da ya rage a tankin sai Ƙwaiduwa.

Abin yi a fili yake: ta je ta faɗa. Amma in ta faɗa, Kaka zai san dutse ta jefa. Malama za ta san "to" ɗin nan na banza ne. Sai ta zaɓi hanyar matsorata. A makaranta ta raɓa kusa da Malama Piedade, ta tambaye ta me ke sa kifi ya daina cin abinci.

Malama ta ce, "Ruwa marar kyau, ko tsoro. Kin ƙara wani abu a tankin ne?"

"A'a, Malama."

Malama ta dube ta. Ta ce to ta canza ruwa kaɗan, ta kuma sa ido sosai.

A ranar da yamma hadari ya taso daga teku. Gari ya yi duhu tun kafin lokaci. Mama na gidan burodin da take aiki. Kaka na rumfarsa a bayan gida yana gyaran igiya. Benedita ta shiga gida ita kaɗai. An rufe tagogi saboda iska, ko'ina dulum, sai shuɗin hasken da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakinta.

Tana cire takalmi ta ji wata 'yar ƙara. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Kamar ana ƙwanƙwasa gilashi da farce.

Ƙafafunta suka ce a koma waje. Amma Ƙwaiduwa na ciki. Ta tura ƙofar a hankali. Ƙarar ta tsaya cak.

Tankin na nan yadda ta bar shi. Littafin taswira na kan murfi. Wani kwanso ɗaya na gangarawa a kan yashi kusa da gilashi, kamar yanzun nan aka sake shi. Ƙwaiduwa na maƙale a samansa, yana numfashi da sauri.

Benedita ta ɗauke littafin, ta cire murfin. Ta ja kujera ta zauna. Ta yi alkawari a ranta ba za ta motsa ba sai ta ga abin da ke cikin tankin nan. Ruwan sama na dukan rufi. Bayanta ya gaji, idonta ya fara yaji, amma ta daure.

Can sai wani gefe na dutsen ya buɗe ido.

Ido ne sosai, mai ruwan zinare, da baƙin layi a kwance a tsakiyarsa irin na akuya. Ita yake kallo. Ashe abin da ta yi ta ɗauka dutse ne, ba duka ne dutse ba. Gefen nan ya kumbura, ya saɓe, ya kumbura. Ba ɗan yatsa ba ne yanzu. Ya kusa cika tafin hannunta.

Idon ya bar ta, ya juya sama. Wani siririn hannu ya zaro daga jikin dutsen. Ya bi gilashi yana hawa a hankali, ba gaggawa. Wani ya biyo shi. Suka nufi bayan bututu, inda Ƙwaiduwa ya ƙure, ba shi da sauran wurin gudu.

Benedita ba ta yi tunani ba. Ta cusa hannunta cikin ruwa har gwiwar hannu, ta tare tsakaninsu. Nan take wani abu mai sanyi da santsi ya naɗe mata wuyan hannu, ya kama fatarta kamar ƙahon wanzami. Ta fizge. Sai polvo ya fesa baƙar tawadar da irinsa ke fesawa in sun tsorata.

Kafin ta ƙifta ido, tankin ya zama baƙi ƙirin. Babu dutse, babu murjani, babu Ƙwaiduwa.

Ta fita a guje cikin ruwan sama, ba takalmi. Ta faɗa rumfar Kaka tana haki. Maganar da ta yi ta dannewa ta fito gaba ɗaya, kai da ƙafa a haɗe. Ta faɗi kwalbar zaitun, ta faɗi dutsen, ta faɗi Likita.

Kaka ya ajiye igiyar. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na ji ƙarar a ranar. Na ce ɗan abin nan ya cika nauyi. Sai na ce a'a, jikata ba ta yi mini ƙarya."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta fashe da kuka.

"Kukan ya jira," in ji Kaka. "Mu je mu ga ko kifin na da sauran kwana."

A ɗakin, ya sa ta ɗauko babban kwanon gilashi daga kicin. Ta cika shi daga jarkar ruwan gishirin da take haɗawa don canjin mako. Ta ɗauki 'yar ragarta tana lalube a cikin baƙin ruwan. Ta ɗago, babu komai. Ta sake, sai kwanso. Ta sake kai ragar can sama bayan bututu, sai ga ɗan abu rawaya a ciki.

Ta sa shi a kwano. Ƙwaiduwa ya nutse ƙasa ya kwanta a gefensa. Amma gefen wuyansa na motsi kaɗan-kaɗan.

Ana cikin haka Mama ta shigo, rigarta a jiƙe, da ledar burodi a hannu. Ta dubi tankin, ta dubi 'yarta, ta dubi Kaka. Kaka ya gaya mata a taƙaice. Mama ta ciro wayarta, ta kira Malama Piedade, amma ba ta yi magana ba. Ta miƙa wa Benedita.

"Bakin da ya ce a'a shi zai gyara," in ji Mama.

Benedita ta karɓa, ta faɗi gaskiya cikin shessheƙa. Malama ta saurara har ƙarshe. Ta ce maganar ƙarya sai gobe, yanzu a ceci kifi. Ta ce a zuƙe rabin ruwan da tiyo, a zuba sabo, a sa gawayin tace ruwa a cikin mataci, gobe a sake. Kwanon Ƙwaiduwa kuma a ajiye shi inda ba sanyi, a rufe shi da ƙyalle don hankalinsa ya kwanta.

Suka yi yadda ta ce. Ruwan ya ɗan washe, ya koma kalar shayi. Polvo ya riga ya koma raminsa. Benedita ta ce a ɗauko guduma a fasa dutsen. Haushinsa take ji har wuya.

Kaka ya ce, "A fasa kuma? Ke dai ba ki gaji da ɓarna ba. Fernanda, ara mini ɗan tulun nan naki na zuma, wanda ya ƙare."

Mama ta wanko ɗan tulun tas ta kawo. Kaka ya kwantar da shi a kan yashi, bakinsa na kallon ƙurya. Sannan ya naɗe hannun riga, ya ɗaga dutsen sama da ruwa, ya riƙe. Ba a jima ba sai ga hannu ɗaya ya leƙo, sai na biyu, sai polvo ya zubo gaba ɗayansa ya faɗa ruwa. Kaka ya sa dutsen a roba mai ruwan gishiri don kada murjani ya bushe. Ya yafa tawul a kan tankin, ya ce kowa ya zauna.

Suka zauna suna jin ruwan sama na raguwa. Mama ta gutsuro burodi ta ba Benedita, ta kasa ci. Da Kaka ya ga ya isa, ya ɗaga tawul. Yashi fayau, babu kowa. Daga cikin tulun zuma, idon nan na leƙowa. Kaka ya toshe bakin da tafin hannu, ya ɗauko shi kamar mai ɗaukar ƙwai.

Ruwa ya ɗauke, rana na gab da faɗuwa. Suka gangara bakin teku su biyu, tulun na cikin bokiti. A hanya Benedita ta ce ta tsane shi, mugu ne, har gadonta ya so zuwa.

Kaka ya ce, "Me zai yi da gadonki? Me ke saman gadon?"

"Taga."

"Me ke bayan tagar?"

Benedita ta ɗaga kai ta ga teku a gabanta.

"Gida yake nema," in ji Kaka. "Kin sa shi a ɗaki mai zafi, wanda ko miƙe hannu ba zai yi ba nan da wata guda. Yunwa ya ji, ya ci abin da ya samu. Bai roƙe ki ki ɗauko shi ba."

A tsakanin duwatsu, inda ruwa ke da zurfi, Kaka ya miƙa mata tulun. Ya ce wadda ta ɗauko ita za ta mayar. Ta durƙusa, ta nutsa shi a ruwa, ta karkata bakin. Polvo ya fito a hankali. Ya buɗe hannuwansa takwas gaba ɗaya, abin da ba ta taɓa ganin ya yi ba. Sai ya harba, ya ɓace. Ta ji haushin ya bar ta, sai kunya.

Ta ce, "Kaka, ka yafe mini."

"Na yafe. Amma gobe ke za ki kankare mini tuluna, duk da na bayan rumfa."

Kashegari ta ba Malama Piedade haƙuri ido da ido. Malama ta ce ta ji zafin ƙaryar fiye da komai, domin da ta faɗa tun ranar kwanso na farko, da Likita na nan da ransa. Benedita ta san haka ne. Ba ta kare kanta ba.

Da ruwan tankin ya koma garau, aka mayar da dutse, aka mayar da Ƙwaiduwa. Ya tafi kai tsaye bayan bututu ya maƙale. Bai ci ba a ranar. Bai ci ba washegari. Kullum da safe Benedita na buɗe ido da faɗuwar gaba, ta leƙa ta ga ko yana numfashi. Ba ta sake neman ƙarin kifi ba. Wannan ɗayan kawai take roƙo a bar mata.

Sai wata safiya tana ɗaure gashi za ta tafi makaranta, ta ga wani abu rawaya ya gifta. Ƙwaiduwa ya sauko. Ya zagaya dutsen, ya leƙa ramin nan, ya ga babu kowa. Ya hau kan murjani ya zauna. Benedita ta ɗebo abinci da yatsu biyu, ta saki ƙwaya ɗaya. Ya bi ta da ido. Sai ya yi wuf ya cafke.

Ta kira Mama da Kaka a hankali, don kada ta firgita shi. Suka zo suka tsaya a bayanta. Ta saki wata ƙwayar, ya sake cafkewa.

Kaka ya ce, "Wannan ya fi ki cin abinci yanzu."

Mama ta dafa kafaɗarta ta tambaye ta me ta koya.

Benedita ta ce, "Kowace halitta da gidan da ya dace da ita, Mama. Ƙaramin tanki na ƙananan masu zaman lafiya ne. Ba duk abin da ya burge ni zan ɗauko ba. Kuma in na yi kuskure, in faɗa da wuri, tun kafin wanda bai yi laifin komai ba ya sha wahala saboda ni."

Mama ta ce haka ne, ta miƙa mata jakarta. Benedita ta tafi makaranta da sassarfa, tana ɗokin gaya wa Malama cewa Ƙwaiduwa ya ci abinci.